Gamba da Jema: Adon da Lambunan Njamena Suka Raina

A bakin Bahaushe, kalmar ciyawa ba ta cika zuwa da yabo ba. In aka ce gidan wane ya yi ciyawa, ana nufin an yi watsi da shi. In aka ce gonarsa ta yi ciyawa, an kira shi rago ke nan a fakaice. Amma a birnin Njamena akwai ciyawa guda da ake girmamawa, wato shimfiɗaɗɗiyar nan koriya shar, wadda ake kira gazon da Faransanci, da ake gani a harabar otal-otal da ofisoshin jakadanci da gidajen masu hali. Ita ake yi wa aski, ita ake shayarwa safe da yamma, su kuwa 'yan'uwanta na gida fartanya ce rabonsu. A ganina an juya lissafin. Duk mai son ƙawata gidansa a wannan birni, ciyayin ƙasarsa ya kamata ya fara nema.

Dalili na farko shi ne ruwa. Njamena tana zaune inda kogin Logon ya haɗu da Shari, amma ruwan saman da take samu a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Al'adar shimfiɗa koren fili kuwa a Ingila da Faransa ta girma, inda yayyafi ba ya yankewa. Idan aka kawo ta nan, kowane murabba'in mita yana shan abin da bai gaza lita 5 ba a ranar bazara. Fili mai murabba'in mita 100 ya lashe jarka 25 ke nan kullum, a garin da magidanta da yawa ke sayen ruwan sha a hannun 'yan garuwa. Mai gida yana da ikon kashe kuɗinsa yadda ya so, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyar burtsatsensa ke zuƙa na unguwa ne baki ɗaya.

Dalili na biyu shi ne, abin da muke nomewa wasu sun daɗe da gane darajarsa. Geron da muke tuwo da fura da shi, masana a Jami'ar Nebraska ta Amurka sun fitar da wani irinsa mai jan ganye, aka sa masa suna Purple Majesty, ya ci lambar zinariya ta masu lambu a 2003, kuma har yau ana sayar da shi don ado. A birnin New York, lambun High Line da aka buɗe a 2009 a kan tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ya yi suna ne da dogayen ciyayin da Piet Oudolf, ɗan ƙasar Holan, ya tsara. Gamba kuwa har sunanta na Hausa ta tafi da shi cikin Turanci. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido.

To, wace za a zaɓa? Ya danganta da ƙasar gidan. Yawancin Njamena shimfiɗaɗɗiyar laka ce mai riƙe ruwa da damina, ta tsage da rani. A kwari ko bakin magudana, jema ce sarauniya. Tana jure kwanciyar ruwa, tana jure fari, saiwarta tana nutsawa ƙasa a miƙe ba ta bazuwa zuwa gefe, shi ya sa manoman ƙasar Hausa suka daɗe suna shata iyakar gona da ita. Unguwanni irin su Waliya, da suka sha ambaliya a 2022 da 2024, sun fi kowa sanin amfanin abin da zai riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta. Jema ba za ta tare kogi ba, amma takan hana gaɓa zubewa.

A wuri mai ɗan tudu, gamba ta fi dacewa. Tana tashi tsibi-tsibi, ta haura tsawon mutum, ta zama katanga mai rai da ke tare ƙura da idon mai wucewa. A jikin bango, ko a bayan wurin zama, babu kamarta. Kyasuwa kuma ta shekara guda ce, tana zubar da iri ta sake fitowa da kanta, kuma duk wanda ya ga kawunanta masu laushi, ja-ja, suna rausaya da hasken la'asar a ƙarshen damina, ba zai nemi furen waje ba. Inda yashi ya yi yawa a sa nobe mai ƙamshi. Kusa da madafa a dasa sitronel, a samu ado a samu na shayi, ruwan wanke-wanke marar sabulu ya ishe ta. In kuma lalle ana son wurin da yara za su yi birgima, a ware ɗan ƙaramin fili a sa ƙiri-ƙiri, wadda takan bushe da rani ta farfaɗo da ruwan farko.

Dashen ba shi da wuya. A jira damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. A tono tsohon gindi, a raba shi gida-gida kowane da saiwarsa, a datse ganyen ya rage kamar taƙi guda. Gamba a ba ta tazarar kamu biyu, jema kuwa in katanga ake so a jera ta kusa da kusa. A gauraya lakar da yashi da ruɓaɓɓen taki, a kula da ban-ruwa na 'yan makonni in sama ta ɗauke. Daga shekara ta biyu sai dai yanka.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Sukan ce doguwar ciyawa maɓoyar maciji ce da sauro, sannan da rani makamashi ce. Gaskiya ne, ga wanda ya shuka ya juya baya. Maganin shi ne a dasa tsibi-tsibi, a bar fili shararre tsakaninsu, a nisanta da ƙofar ɗaki da murhu. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, saboda haka filin da ake jiƙawa kullum ya fi gamba gayyatar sa. Batun gobara kuwa, kakanninmu sun riga sun warware shi: ana yanke gamba da kaka kafin hunturu ya busar da ita, a saƙa zana, wadda mutanen Chadi ke kira seko. Ado ya ƙare, rumfa ta samu, tumaki ma sun sami rabonsu.

Sai dai a yi hattara, don ba kowace ciyawa ce ta cancanci shiga gida ba. Tofa tana tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, in ta kama wuri fitar da ita sai an sha wuya. Ƙarangiya kuwa ba sai an faɗa ba. Haka nan a guji sayen irin waje don kawai an gan shi a hoto. Gambar nan tamu da aka kai Ostireliya domin kiwo a shekarun 1930, ta mamaye dajin arewacin ƙasar, ta ƙara wa gobarar daji ƙarfi, har a 2012 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa. Abincin wani, gubar wani. Darasin ya shafe mu kai tsaye: tsiro a ƙasarsa yake da ladabi.

Kira na ga masu sayar da dashe a bakin titunan Njamena, da hukumar birni mai kula da shataletale da filaye irin Dandalin Ƙasa, shi ne su ba gamba da jema da kyasuwa gurbi a gaban jama'a. Ido yakan so abin da ya ga an girmama. Ranar da yaro ya tashi ya ga ciyawar ƙauyen kakansa a tsakiyar babban birni, an gyara ta an kewaye, zai san cewa ƙasarsa ma tana da abin ado, kuma ruwan da aka tsimi ya shiga randar maƙwabci. Allah Ya sa mu dace.