Burbushin Nukiliya da Ciwon Daji: Ina Iyakar Haɗarin?

Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bom ɗinta na nukiliya na farko kusa da Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Hankali ya tashi a ƙasashen da ke kudu da Sahara, domin daga hamadar nan ne hunturu yake ɗauko hazon da yakan lulluɓe Daura da kewayenta. A watan Janairu 1961 Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a kan wannan batu. Tambayar da aka yi a lokacin tana nan har yau: wane gwargwado na wannan tururi ne yake jawo ciwon daji?

Masana sun nemi amsa wajen mutanen da suka tsira a Hiroshima da Nagasaki, inda aka bi lafiyar kimanin mutum 120,000 tun daga 1950. An tarar cewa haɗari yana ƙaruwa daidai da yawan abin da jiki ya sha. A kan haka aka ƙiyasta cewa milisibat 1,000 yakan jawo mutuwar kimanin mutum 5 cikin 100. Sai dai ƙasa da milisibat 100, ƙarin yana da wuyar ganewa cikin alƙaluma. Saboda haka aka miƙe layin har zuwa sifiri, aka ɗauka babu gwargwadon da bai da haɗari ko kaɗan.

Wasu masana suna sukar wannan ra'ayi, suna cewa jiki yakan gyara ƙaramar ɓarna da kansa. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma hukuma ba za ta jingina rayukan jama'a da ita ba. Ma'aikacin da ya shekara da shekaru yana haƙar yuraniyom a Arlit, inda aka fara aikin tun 1971, ya fi kowa bukatar wannan taka-tsantsan, gama da yayyafi kogi kan cika.

Duk da haka, bai dace lissafin ya zama abin razana marasa lafiya ba. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce milisibat 0.1 ba, alhali kowane mutum yana shan kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da sararin sama. Bisa wancan lissafi, haɗarinsa kamar mutum 5 ne cikin miliyan. Mai tari a Daura da ya guje wa hoto don tsoro ya jefa kansa cikin haɗarin tarin fuka, wanda ya fi wannan nesa ba kusa ba. Wajibi ne dai a riƙa duba na'urorin asibitoci, a kuma daina ɗaukar hoton da likita bai nema ba.