Duhun Majigi Da Fitila Ake Yinsa

Ɗaliban da ke koyon shirya majigin ban tsoro sun ɗauka in ana son dare sai a kashe fitilu duka. Ba haka ba ne. Na'urar ɗaukar hoto ba ta da idon kyanwa. In haske ya gaza mata sai hoto ya fito dishi-dishi, mai kallo ya yi ta mutsuka ido, tsoro kuwa bai kama shi ba.

A dubi Nosferatu, wanda Murnau ya shirya a Jamus cikin 1922. Wurare da dama na dare da rana aka ɗauke su, aka rina da shuɗi. Abin da ake tunawa har yau shi ne inuwar dodon tana hawa bene, ita kuwa inuwa sai da fitila mai ƙarfi.

To, malamai, ku nuna wa yaran nan. Fitila guda ta isa, amma a ajiye ta gefe ko bayan ɗan wasa, rabin fuska ya fito, rabi ya nitse. In haske ya yi yawa a rage shi wajen tacewa. A kuma tare fitilar da baƙin kwali, kada ta haske bango.