DAGA ZAUREN ZANGO: Almakashi Da Amana

 

A wannan karon za mu ba ku labarin wata ɗiyar maƙwabtanmu a Mamobi, yarinyar da aka raɗa wa suna a gabanmu, yau ga shi tana shekarar ƙarshe a wata makarantar koyon aikin fim a nan Ankara. Sharaɗin kammala karatunsu shi ne kowane ɗalibi ya kawo ɗan gajeren fim wanda bai wuce minti 12 ba. Ita sai ta zaɓi wata Hajiya mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi, wadda ta haura shekara 40 tana wannan sana'a. Kwana 6 ta yi tana binta da kyamara tun kafin assalatu, har ta tara hoton awa 9.

Ranar da ta mayar da kyamarar da ta aro muka yi mata barka da gama aiki. Sai ta yi dariya ta ce, "Kawu, ai yanzu aka fara." Mun ɗauka zancen yara ne. Ashe gaskiyarta, domin makonni 7 da suka biyo baya a zaurenmu ta yi su, saboda gidansu akwai hayaniyar ƙanne, mu kuwa muna gefe muna kallon ikon Allah.

Aikin da ya rage shi ake kira tace fim. Awa 9 minti 540 ke nan, ana kuwa son 12. Wato cikin kowane minti 45 da ta ɗauka, ɗaya kaɗai zai tsira. Kowace daƙiƙa guda kuma hotuna 25 ne ke wucewa a jere har ido ya ga kamar motsi ne, saboda haka fim na minti 12 hotuna 18,000 ne, kuma dole mai tacewa ya san dalilin zaman kowane yanki a inda ya ajiye shi. Da farko ta kalli awa 9 ɗin kaf, tana rubuta abin da ke kowane wuri a littafi. Haɗin farko ya ba ta minti 50. Ta rage ya koma 25. Daga nan ne yanka ya fara yi mata ciwo, don abin da ya saura duk tana sonsa. Telolinmu na Nima sun san wannan hali: yadi komai kyansa, sai an zubar da ƙyalle kafin ya zama riga.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda jerin hotuna ke canza magana. Ta ba mu labarin wani malamin fim na ƙasar Rasha, Lev Kuleshov, wanda kimanin shekara 100 da suka wuce ya ɗauki fuskar mutum guda, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da akwatin gawa, ya kuma haɗa ta da hoton wata mace. Masu kallo suka ce a na farko yunwa yake ji, a na biyu baƙin ciki, a na uku sha'awa, alhali fuskar ba ta canza ba. Sai ta gwada mana a kan Hajiya. Ta sa babbar kwatar nan da ta raba Nima da Mamobi, sannan fuskar Hajiya ta biyo baya, muka ga tsohuwa abar tausayi. Ta cire kwata ta sa layin 'yan makaranta riƙe da kofuna, sannan fuskar nan dai, muka ga uwa mai ciyar da unguwa.

To, a nan ne gardama ta tashi. Abokan karatunta suka ce ta buɗe fim da kwata, wai da ita aka san Nima, kuma ita ce za ta kama idon alƙalan jarrabawa. Yarinya ta ce ba ta musun kwata, a gefenta aka haife ta, amma Hajiya ba a kwata take dama koko ba. A ƙarshe kwata ta shiga fim sau ɗaya, daƙiƙa 4, lokacin da jikar Hajiya ke tsallake gada da bokitin gasara a ka.

Wannan gardama tsohuwa ce a garin nan. A 1954 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya zo Ankara ya ɗauki bikin 'yan Hauka, waɗanda galibinsu Zabarmawa ne 'yan ci-rani daga Nijar. Da aka nuna fim ɗin, Les Maîtres Fous, a birnin Paris a 1955, ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata, suka ce zai sa Turawa su ƙara raina baƙar fata. Gwamnatin Ingila ita ma ta hana nuna shi a ƙasashen da take mulka, domin 'yan Hauka gwamna da hafsoshinsa suke kwaikwaya. Har yau masana ba su gama jayayya a kansa ba. Abin lura a gare mu shi ne, a Ankara aka ɗauki hoton, a Faransa aka tace shi. Kakanninmu sun ba da fuska, almakashi kuwa yana hannun wani.

Bayan hoto sai murya. Da ta saurari abin da ta ɗauka, sai ta tarar hon ɗin turoturo da injin niƙa da janareton maƙwabta sun cinye rabin maganar Hajiya. Masu wannan sana'a sun ce mai kallo yakan haƙura da hoto mai duhu, amma ba ya haƙura da muryar da ba ya ji. Dole ta koma da asuba uku da 'yar na'urar ɗaukar magana kaɗai. Ta ɗauki ƙarar ludayi a bakin tukunya, da tsuwwar ƙosai a cikin mai, da kiran salla daga nesa, ta zo ta ɗora kowanne a kan hotonsa. Shi ma Rouch haka ya yi da wani fim nasa mai suna Jaguar, labarin samari uku, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, da suka taso daga Nijar zuwa Kumasi da Ankara neman kuɗi. Kyamararsa irin ta wani ce, ba ta kaiwa rabin minti sai ta tsaya, kuma ba ta ɗaukar murya. Daga baya aka zaunar da 'yan wasan suna kallon kansu suna hira, aka ɗora hirar a kan hoto. An fara ɗauka a 1954, fim bai fito ba sai 1967. Da muka gaya wa ɗiyarmu haka, sai ta ce, "Kawu, ni kwana 20 suka rage mini, ba shekara 13 ba."

Ana cikin haka wata masifar ta sauka. Kwamfutar da take aiki da ita ta aro ce, batirinta ya mutu tuntuni, sai da wuta take tashi. Wani dare aka ɗauke wuta ana tsakar aiki, da aka dawo da ita sai aikin ya ƙi buɗewa. Kwafin da ta ajiye a wani wuri na kwana 4 baya ne. Ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta share hawaye ta koma littafin nan nata, ta sake jera komai. Daga ranar, kowane dare sai ta ajiye aikinta wuri uku: a kwamfuta, a faifan ajiya na daban, da kuma intanet. Wanda duk ya ga dumso na 2015 a ƙasar nan bai kamata a koya masa wannan ba, amma ɗan Adam sai ya ji a jikinsa.

Sai dai babbar jarrabawa ba ta na'ura ba ce. A rana ta biyar ta ɗauka, Hajiya ta manta da kyamara, ta shiga zancen ɗanta da ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, shekaru ke nan ba wasiƙa ba waya. Tana hawaye sai ta zarce da zancen wata maƙwabciya da ta ci bashinta ta ƙi biya, har da kama suna. Duk wanda ya ga wannan yanki sai ya ce shi ne zuciyar fim, kada ta kuskura ta taɓa shi. Hajiya kuwa tun farko ta yarda a ɗauke ta, har ta dangwala hannu a takarda. A ƙa'idar makaranta babu laifi.

Yarinya ta kasa barci. Ta ce mana Hajiya ta yarda a ɗauki koko, ba ta yarda a ɗauki cikinta ba. Muka ce to, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ta je ta tambaye ta. Ta ɗauki kwamfuta ta tafi, ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ga abin da kika faɗa. In kin ce a cire, yanzu zan cire."

Hajiya ta kalla har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Can sai ta ce, "'Yata, zancen yaron nan ki bar shi, har hotonsa zan ba ki ki sa. Wa ya sani ko wani zai gani ya ce ya taɓa haɗuwa da shi. Amma zancen bashi ki cire. Matar nan tare muke zuwa suna, tare muke zuwa zaman makoki. Fim ɗinki zai ƙare, mu kuwa muna nan ƙofa da ƙofa."

Jama'a, mu da ita duk mun zaci hawayen ne Hajiya za ta ce a ɓoye. Da yarinya ta yanke hukunci ita kaɗai a zaurenmu, ko dai ta bar duka ta haɗa faɗa a unguwa, ko ta cire duka ta hana uwa neman ɗanta.

Aikin ƙarshe shi ne rubuta fassarar Turanci a ƙasan hoto, tunda ba duk malamanta ke jin Hausa ba. Layi biyu kaɗai ake sawa a lokaci guda, kuma dole su daɗe yadda ido zai karanta. Hausar Hajiya kuwa irin tamu ce ta Zango, ga Tuwi ga Ga ga Turanci a ciki. Wani ya ba da shawara a sa mai Hausar Kano ya maimaita maganar. Yarinya ta ƙi, mu ma mun goyi bayanta. Yadda muke magana shi ma tarihi ne, kuma ba mu san wani wanda zai adana mana shi ba in ba mu ba.

Ta miƙa aiki saura kwana 2. Daren Asabar aka ɗaura farin zanen gado a tsakar gidansu, aka aro majigi, unguwa ta cika. Dattawan da suka yi zamanin silimar Dunia a Nima suka ce rabonsu da irin wannan zama har sun manta. Da muryar ludayi ta tashi cikin duhu, kafin hoto ya bayyana, yara suka yi ihu, "Hajiya ce!" Maƙwabciyar nan ma tana layin gaba, tana ta dariya, ba ta san abin da almakashi ya rufa mata ba.

Abin da ya sa muka kawo wannan labari shi ne, ƙofa a buɗe take. Tun 1978 aka kafa makarantar NAFTI a nan Ankara, wadda dokar 2020 ta haɗe da makarantar koyon aikin jarida da ta harsuna suka zama jami'ar UniMAC. A 1987 William Akuffo ya yi Zinabu da kyamarar kaset ta gida, ya buɗe zamanin fim ɗin bidiyo a Gana, a 1990 kuma 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a Kano. A wancan lokaci da bidiyo biyu ake tacewa, wannan na nunawa wancan na ɗauka, in an yi kuskure hoto ya ƙara dushewa. Yau akwai manhajar tacewa irin DaVinci Resolve da ake samu kyauta. Kuma kada a raina gajeren fim: Borom Sarret na Usman Sembene na Senegal, wanda ya fito a 1963, kimanin minti 20 ne, kuma har yau ana koyar da shi a makarantu.

Saboda haka muna da roƙo uku. Na farko ga iyaye: in yaro ko yarinya suka ce wannan karatu suke so, a bincika a sa ido, amma kada a yanke cewa shashanci ne. Na biyu ga alhazanmu da ƙungiyoyin matasa: kwamfuta guda mai ƙarfi da batirin ajiyar wuta, a ɗaki guda mai makulli, za ta ishi ɗalibai da yawa su riƙa karɓa-karɓa. Na uku ga ɗaliban kansu: duk wanda kuka ɗauka, ku koma ku nuna masa kafin duniya ta gani, kuma awannin da kuka yanke kada ku goge. A 1996 aka sayar da kashi 70 cikin 100 na kamfanin fim na gwamnatin Gana ga wani kamfanin Malesiya, kuma Chris Hesse, mai ɗaukar hoton Kwame Nkrumah, ya shafe shekaru yana fafutukar ceto finafinan wancan zamani da ke ajiye a Landan. In na gwamnati ya sha wannan wuya, ina ga namu? Cikin awa 9 na ɗiyarmu akwai labarin yadda mahaifin Hajiya ya zo da ƙafa daga arewa, da sunayen zangunan da ya yada a hanya. Bai shiga fim ba, amma jikoki za su neme shi.

Har zuwa lokacin da muke wannan rubutu ba a ji ɗuriyar ɗan Hajiya ba. Muna roƙon masu karatu su sa shi cikin addu'a, shi da sauran 'ya'yanmu da hamada da teku suka raba mu da su. Allah ya bayyana su, ya kuma yi wa karatun yaranmu albarka, amin.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.