Daga Bakin Rumfa: Fatsa a Ƙaramin Tafki, Ita Ma Kasuwa Ce

Yau rumfar tamu ta koma bakin ruwa. Kifi ya yi tsada, alhali da yawanmu muna zaune kusa da ƙananan madatsu irin na arewacin Gana da Burkina, inda sandar gora da ƙugiya za su cika tukunyar uwargida ran da ba kasuwa.

Mu fara da suna. A kasuwannin Abijan, Yamai da Wagadugu in ka ji an ce "karp", karfasarmu ce ake nufi. Karp na ainihi kifin Asiya da Turai ne, mai manyan ɓawo da gajeren gashin baki guda 4, ana kiwonsa a wuraren sanyi kamar yammacin Kamaru. Shi a ƙasan ruwa yake kiwo, yana tonon laka. In ka ga ƙananan kumfa na tasowa, ruwan wurin ya gurɓace, to yana nan.

Sirrin fatsa irin na kasuwa ne: sai ka saba wa mai saye da rumfarka. Zaɓi wuri guda, kusa da ciyayi ko bakin mashigar ruwa. Kwaɓa dusa da garin ƙuliƙuli da 'yar laka, ka dunƙula kamar ƙwallon fura, ka jefa 3 ko 4 a lokaci ɗaya kullum har kwana 3. Laka ce ke kai curin ƙasa kafin ya watse. Ran na huɗu rage abincin, ka sa ƙugiya. In ka ƙosar da su, wa zai kula naka ƙoton?

Ƙoto kuwa kowa da nasa. Karp yana son dafaffiyar masara ko tuwo mai tauri, a ajiye masa a ƙasa da 'yar dalma. Karfasa bakinta ƙarami ne: ƙaramar ƙugiya, siririn zare, tana ko shinge, a rataye a tsakiyar ruwa, da totuwar kara a sama tana ba ka labari. Tarwaɗa da ƙanshi take farauta, ba ta hanjin kaza da almuru, musamman bayan an ɗauke ruwan sama. Amma a kula da ƙayoyin gefenta wajen cire ƙugiya.

Lokaci: daga sallar asuba zuwa hantsi, sai bayan la'asar. Da hunturu ruwa ya yi sanyi, kifi ba ya son ci, jira rana ta ɗaga. Zauna gefen da iska ke kaɗowa, nan take tara abinci. Kada inuwarka ta faɗa ruwa, a bar buga ƙafa da hayaniyar waya. In babba ya kama, kada ka fizge. Bar shi ya ja, sanda ta lanƙwashe, har ya gaji. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai maganar da ta fi kifin. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma kowane ruwa da masu shi. A Bobo Julaso akwai tarwaɗun da mutanen garin ke girmamawa, ba a kama su sam. A Paga, kan iyakar Gana da Burkina, kadoji ne a tafki. Kafin ka jefa ƙugiya, gai da mai gari ko masuntan wurin, ka nemi izini. Kifi ɗaya na iya jawo wa zango duka baƙin jini.

Iyaye, yaro ba ya zuwa shi kaɗai, kuma a hana su wanka a ruwan kwance, nan ake ɗaukar tsargiya. Wanda aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti. Karfasar da ka samu da ƙwai a baki uwa ce, mayar da ita tare da ƙanana. Su ne jarin baɗi.

Allah Ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa, in Ya kai mu.