Haya Ba Aro Ba Ce

 Makon nan a ajiye biro tukuna, kasuwa za mu shiga.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dandume ko ta Bakori da kaka ya ga yadda ake loda tirela. Mutum biyu su kama buhu su cira, na uku ya sunkuya a aza masa a wuya, ya taka katakon da aka jingina da bayan mota, katakon na lanƙwasa, ya haura, ya sauke, ya dawo. Buhun masara kilo 100 ake ƙiyasta shi, wanda aka danƙara har baki ya ƙi ɗinkuwa kuwa ya fi haka. Tirela mai tan 30 buhu 300 ke nan, kuma kowane ɗaya sai ya bi ta wuyan ɗan wani. Tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya riƙa ɗaukar abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Namu 'yan lodin kusan ninki biyu suke ɗauka, tun hantsi har magariba, sannan mu tsaya a gefe muna cewa "kai, wane ƙarfe ne!" Mu je mu nemi wannan ƙarfen bayan shekara goma sha biyar, mu ga yadda yake miƙewa daga tabarma.

A garin nan dai, in za ka aurar da 'ya, waya ɗaya ta ishe ka. Rumfa ta haya, kujeru na haya, janareto da lasifika na haya, har motar kai amarya ta haya, kuma ba wanda ya ce ka ji kunya. Amma ka ce kana neman injin da zai ɗaga maka buhu na yini ɗaya, ko wanda zai ɗaga yaro ya gyara fitilar kan titi ba tare da ya rataya ransa a tsani ba, sai a dube ka kamar ka yi Larabci a kasuwar kara. In ka dage, a ce ka gwada Kano ko Kaduna, kuɗin kawowa kaɗai ya fi na aikin.

A wasu ƙasashe wannan hayar da muke rasa babbar kasuwa ce mai zaman kanta. Akwai injin da ƙafafunsa ke buɗewa kamar almakashi ya ɗaga ma'aikaci da kayan aikinsa tsaye cak, akwai mai dogon hannu da kwando a ƙarshensa wanda ke kai mutum saman falwaya ko rufin masana'anta, akwai ƙaramin mai yatsu biyu da ke cusa su ƙarƙashin kaya ya ɗaga, akwai kuma motar Hiab mai ƙugiya wadda mu ma mun saba ganin ta tana sauke taransifoma. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera masu ɗaga mutum, irin su Genie da aka kafa a 1966 da JLG da aka kafa a 1969, duk a Amurka, da Haulotte na Faransa, da Dingli na ƙasar Sin, manyan masu sayen kayansu kamfanonin haya ne. Mafi girmansu, United Rentals, an kafa shi a 1997, kuma a 2023 kuɗin da ya shigo masa ya haura dala biliyan 14. Hayar kayan aiki ce sana'arsa, ba ya gina ko ɗaki ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya, ko mai shayi ya san shi. Ɗan kwangilar da ya sayi irin wannan inji zai yi aiki da shi mako uku ko huɗu, sauran shekarar yana ajiye yana cin tsatsa, kuɗinsa na kwance. Mai haya kuwa yau injinsa na wurin mai fenti, gobe wurin mai wuta, jibi wurin mai rufi. Shi ke da makaniki, shi ke da kayan gyara a ajiye, shi ke da motar kaiwa da ɗaukowa. In injin ya kwana biyu ya sayar ya sayi sabo, tsohon kuma shi ne yake ƙarewa a hannun irinmu da sunan na hannu. Akwai ma ƙungiyar masu wannan harka, IPAF, tun 1983, mai ba direban inji katin shaidar horo, kuma a wuraren gini da yawa a Ingila ba ka taɓa injin sai ka nuna katin.

To me ya hana mu? Amsar farko da kowa zai kawo ita ce talauci, kuma za mu zo kanta. Amma akwai wadda ta riga ta, tana cikin kanmu. Mun taso da jin cewa zanen aro ba ya rufe katara, sai muka haɗa aro da haya muka zuba a kwando ɗaya. Alhali ko a littattafan fiƙihun da muka karanta a zaure babinsu daban ne. Aro alfarma ce. Haya ciniki ne: ka biya, an yanka lokaci, amfanin abin naka ne har wa'adi ya cika. Manomin da ya biya aka yi masa huɗa da shanun wani bai roƙi kowa ba. Duk da haka a wurinmu mutum bai cika mutum ba sai an ce "ai nasa ne". Shi ya sa mai kuɗinmu zai sayi tarakta ya kafe ta a ƙofar gida wata tara don a gani, maƙwabcinsa kuma na neman ta ido rufe a makon farko na damina.

Gwamnatoci ma wannan cutar ce ke damun su, sai dai tasu da kuɗin jama'a ake jinyar ta. Sau nawa muka ga an jera sababbin taraktoci a fili, an ɗaura musu kyalle, an yanka, an yi jawabi? Sayen inji yana da hoto, yana da kwangila, yana da kamasho. Canjin mai da ajiye kayan gyara da biyan makaniki ba su da hoto. Ku leƙa harabar sashen hayar tarakta na kusan kowace ƙaramar hukuma da kuka sani, ku ƙirga waɗanda ke kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Galibi abin da ya kwantar da su bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Wadda ke tafiya kuma sai ta gama gonar mai girma da ta surukinsa kafin ta waiwayi mai kadada ɗaya, lokacin ƙasa ta riga ta sha ruwa, shuka ta wuce. Masara ba ta jiran kowa.

Kuma kada wani ya ce mana yankin nan baƙon inji ne. Auduga ta sa Turawa suka kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua har Ƙauran Namoda an kammala shi a 1929. Shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, tare da na Gusau da na Gombe, shi ne zakaran gwajin dafin irin waɗannan shirye-shirye a Najeriya baki ɗaya. A 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta Funtua, wadda aikinta kacokan ɗaga kwantena ne da sauke ta. Wato a bakin gari inji zai cira kwantena guda kamar akwatin ashana, tafiyar minti kaɗan daga nan kuma kayan da za su cika kwantenar suna hawa mota a wuyan mutane.

Yanzu ga magana mai nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Wani zai ce: in injin ya zo, ɗan lodi ya ci me? Gaskiya ne. Layin buhunan nan shi ke ciyar da gidaje masu yawa, musamman yanzu da rashin tsaro ya koro mutane daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ba gona ba jari, sai ƙarfin jiki. Duk wanda ya ce inji ba zai rage hannu ba ƙarya yake. Sai dai mu lura da abu biyu. Na farko, injin mai yatsu da ake gani a bidiyo ba zai yi aiki a yawancin kasuwanninmu ba ko an kawo shi kyauta, don yana son daɓen siminti da kaya jere kan shimfiɗar katako, mu kuwa taɓo ne da buhu warwatse. Abin da ya dace da mu ƙaramin bel ne mai hawa da buhu daga ƙasa zuwa bayan mota, wanda ƙaramin inji ke juyawa, kuma maƙeran da ke haɗa mana injin casa da na surfe ba zai gagare su ba. Shi ma yana buƙatar masu ɗorawa a ƙasa da masu jerawa a sama. Abin da ya cire shi ne hawan katakon nan da kilo 100 a wuya. Na biyu, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce hannun wa injin zai shiga. In babban ɗan kasuwa ya saya, shi zai kori rabin 'yan lodi ya riƙe ribar. In ƙungiyar 'yan lodin ce ta karɓo shi haya na kaka ɗaya, kuɗin lodi na nan a hannunsu, bayansu kuma ya huta. Haya ce kaɗai ƙofar da marar jari zai bi ya riƙe inji.

Wannan ba mafarki ba ne. A 1958 wasu manoma a Bavariya ta Jamus suka kafa da'irar musayar injina, kowa ya yi wa ɗan uwansa aiki da abin da yake da shi a kan farashin da aka amince, yau tsarin ya bazu ƙasar. Manoman Faransa na da ƙungiyoyin haɗa kuɗi a sayi inji tare tun bayan yaƙin duniya na biyu. A nan gida ma Hello Tractor ya fara a 2014 da dabarar maƙala wa tarakta na'urar da ke nuna inda take da awannin da ta yi, wakili kuma ya tattara ƙananan gonaki wuri ɗaya don zuwan ta ya biya. Mu da muka gaji gayya da adashi, wa zai koya mana wannan? Abin da ya rage mana shi ne rubutacciyar yarjejeniya, da sanin wa zai biya in abu ya lalace, da daina kallon mai tambayar kuɗinsa a matsayin marar mutunci.

Tsadar dala gaskiya ce, musamman tun da aka saki naira a 2023, kuma ba mai hankalin da zai tura injin miliyoyi dajin da shi kansa ba zai kwana ba. Amma tsada hujja ce ta haya, don abin da mutum ɗaya ba zai iya saye ba shi ake tarayya a kansa. Kuma tsakiyar Funtua da Malumfashi ba daji ba ne.

Sai mu dawo kanmu, tunda mu ne muka taru a nan. Mu duba labaran da muke turowa kullum. Jarumin ya sauka daga Dubai, kamfani nasa, jirgi nasa, an faɗi sunan motarsa da na turarensa da launin labulen falonsa. Benen da yake ciki hawa huɗu ne, amma ba mu taɓa tambayar wa ya hau da kankaren dakin a kwanon sarki ba, ko sau nawa ya hau a yini. Mu ne ke ƙara wa mutane imanin cewa daraja a mallaka take. Sannan muna kukan wai ba sabon jigo. Ga dillalin tarakta da ya karɓi kuɗin mutum goma, ruwa ya sauka, tarakta ɗaya ce. Ga shugaban 'yan lodi da aka kawo wa tayin bel, ya san zai ceci bayan yaransa, ya kuma san mutum shida za su koma gida. Wace soyayyar falo ce ta kai wannan rikici? Ko sunayen injinan nan ba mu da su a Hausa, shi ya sa kuka ga muna ta kewaye-kewaye a sama, mai almakashi, mai kwando, mai yatsu. Direbobi da makanikai suna da sunayen da suke kiran kayansu a gareji, mu ne ba mu je mun tambaya ba.

A unguwarmu akwai wani mai fenti da aka ba aikin bene. Tsaninsa bai kai ba, sai ya ɗaure biyu da igiya, yaronsa na riƙe da gindin. Igiyar ta zame. Mai ginin ya biya kuɗin ɗori na farko, ya aiko da buhun shinkafa, daga nan shiru. Mutane suka ce tsautsayi, kuma ba mu musa ba. Aikin da ya rage masa a saman nan bai fi na awa uku ba. Yanzu yana zaune a bakin titi yana sayar da fetur a kwalba, ƙafar a miƙe, sandarsa a jingine da tebur.