Masu "An Ce"

A kowace majalisar mai shayi, daga Maraɗi har Garwa, akwai mutum guda wanda ya san kome. Shi ya san dalilin tsadar gero, shi ya san wanda zai ci zaɓe tun ba a buga ƙuri'a ba. In aka tambaye shi inda ya ji, sai ya ce, "An ce." In aka matsa masa, ya yi dariya, ya ce ai hira ce kawai.

Ba wanda ya hana talaka kuka da gwamnati. Hakkinsa ne. Amma ra'ayi dabam, ƙaga labari dabam, kuma wanda ya ƙaga ba shi yakan ɗauki asarar ba.

A shekarar 2003 magana ta bazu cewa maganin rigakafin shan inna yana hana haihuwa. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin, ba a koma ba sai a watan Yuli na 2004. Manya ne suka fara maganar, amma masu "an ce" ne suka kai ta kasuwa da tasha da ƙofar gida, har uwaye suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a ɗaka. Cuta kuwa ba ta san iyakar ƙasa ba. Ta shiga Kamaru da Cadi da Sudan, a 2005 ta kai har Yaman da Indonesiya.

Yaran da ƙafafunsu suka shanye a lokacin yanzu sun wuce shekara ashirin. Waɗansu da sanda suke tafiya, waɗansu da rarrafe.