Shan inna: binciken da ke farawa a Bandung, ya tsaya a hanyar Anka

Rigakafin shan inna da ake ɗiga wa yara a baki a Zamfara tun shekarar 2021 ba irin na da ba ne. Sunansa nOPV2, kuma ƙwayar cutar da ke cikinsa masana ne suka sake mata tsari a ɗakin gwaje-gwaje. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fara amfani da shi a watan Maris na waccan shekara.

Tsohon rigakafin yana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai wadda aka raunana. A garin da akasarin yara suka samu kariya, da wuya ƙwarai ta yi illa. Amma inda aka bar yara da yawa, takan fita ta bayan gida, ta shiga wani yaron, ta yi ta yawo har ta rikiɗe ta dawo da ƙarfinta. Shi ya sa, ko da yake an ayyana cewa Afirka ta rabu da asalin cutar a ranar 25 ga Agusta 2020, yara fiye da 400 suka kamu da rikiɗaɗɗiyar a Najeriya a 2021.

Tsarin halittar ƙwayar rubutu ne mai haruffa kimanin 7,400. Masanan sun haɗa kwafinsa na DNA, suka ƙarfafa gurbin da rikiɗewar ke farawa, suka mayar da wani sashe zuwa sabon wuri, sannan suka gyara sinadarin da ke kwafe rubutun domin ya rage kuskure. Haɗawar ba ita ce mai wuya ba. Wuyar ita ce tabbatar da cewa abin da aka haɗa shi ne aka tsara, kuma bai sauya ba bayan an ninka shi sau miliyoyi. Saboda haka ake karanta haruffan kason da kamfanin Bio Farma ya sarrafa a birnin Bandung na Indonesiya kafin a sake shi.

Wannan rabin binciken ke nan. Ɗaya rabin yana cikin hanjin yara, kuma ba a ganin sa sai an samo samfuri. Ƙa'idar ita ce, duk yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a ɗauki bayan gidansa sau biyu, da tazarar kwana ɗaya, cikin kwana 14, a kai shi a akwatin ƙanƙara zuwa ɗakin gwajin Ibadan ko na Maiduguri. Idan aka karanta wani sashe mai haruffa kimanin 900, bambancin haruffa shida da na rigakafin ya isa a ce ƙwayar ta rikiɗe. Ta wannan hanya aka gano a 2023 cewa shi ma sabon ya rikiɗe a Burundi da Kwango, ko da yake yana yin hakan ƙasa da tsohon nesa ba kusa ba.

A nan ne Anka da Gummi da Bukkuyum suka shigo maganar. Ƙauyen da 'yan bindiga suka tare hanyarsa, ba mai ɗiga rigakafi kaɗai suka hana shiga ba, har da mai ɗauko samfuri. Kwana 14 ba wani abu ba ne ga mahaifin da sai ya jira ranar kasuwa kafin ya yi kasadar fitowa, kuma sau da yawa wurin mai ɗori zai fara kai yaron. Sai takarda ta nuna babu cuta, alhali babu gwaji ne.

Ita ƙwayar kuwa tana tona asiri. Tana sauya kusan kashi ɗaya cikin ɗari na haruffan wancan sashe a shekara, tamkar agogo. Idan aka samo wadda ta yi nisa ƙwarai da danginta da aka sani, masana kan kira ta marainiya, ma'ana ta shafe fiye da shekara tana yawo ba wanda ya gan ta. Kuma ba ta zama a daji: tana bin mota zuwa Gusau da Sakkwato da Kano.

Yankin ya taɓa ɗanɗana irin wannan makanta. Gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara akalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba rahoton ofis ne ya fallasa ta ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka isa ƙauyukan, suka ga sabbin ƙananan kaburbura, aka auna jini.

Don haka adadin yaran da gwamnatin jiha ke sanarwa an ɗiga wa rigakafi bayan kowane zagaye bai wadatar ba. Alƙaluman da ya kamata a nema su ne samfuri nawa suka fito daga kowace gunduma a waɗannan ƙananan hukumomi uku, nawa suka isa Ibadan da sanyinsu, da kuma gundumomin da suka yi shekara ba su aiko ko ɗaya ba.